Jarkar Inna a Bakin Tekun Baharain

Tun da na dawo daga Baharain ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Juma'a in muka sauko daga masallaci muka taru a kasuwar Batha ta nan Riyad, sai wani ya matso ya ce, "Haruna, wai da gaske ne soja sun kama ka?" Wani kuma har yana rantsuwa cewa shaƙatawa na je yi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mai cewa shaƙatawa ce, Allah ya kai shi irinta.

Ga wanda bai san ni ba, ni direban tirela ne a wata masana'antar kankare da ke Birnin Masana'antu na Biyu, a kudancin Riyad. Wata Lahadi manajanmu ya kira ni da Baba Bashir, ya ce za mu kai lodi biyu Baharain. Kayan kuwa irin manyan shingayen kankaren nan ne da ake jerawa a ƙofar bariki. Bai ko ɗago kai daga takardunsa ba ya ce, "Ƙasar mutane ce, kayan kuma na tsaro ne. Duk wanda sunansa ya shiga takardar jami'an tsaro, kada ya kira ni. Kafili, mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamanku, ya ce huruj niha'i." Kun san ma'anarta, fita ce ba dawowa. Ni kuwa iƙamar nan da ke aljihuna, katin izinin zama da aiki, ita ce tuwon gidanmu a Malumfashi, ita ce makarantar 'ya'yana uku, ita ce maganin Inna.

Kuskurena na farko shi ne da na gaya wa Inna zan ga teku.

Sai kun san Inna za ku gane abin da ya biyo baya. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Shekarata talatin da takwas a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In da ni take, "kai" ne. In da wasu take zancena, "wancan na Makka" ne, don a wurinta duk ƙasar nan Makka ce. Ba ta kuma taɓa roƙona ko allura ba. Amma ranar nan da na ce mata zan ƙetare teku, sai ta ce, kamar da bango take magana, "An ce ruwan teku na maganin sanyin gwiwa. Haka dai ake faɗa." Ta canza zance zuwa akuyarta. Ni na san shekara biyu ke nan a zaune take salla. Kashegari na shiga Batha na sayi sabuwar jarka fara, na wanke ta sau uku.

Muka tashi da hantsi, Baba Bashir a gaba ina bin sa. Shi Bahaushen Sudan ne, dattijo mai furfura a gemu. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Kano da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta kakata ce, Larabcinsa kuwa ko Balarabe sai ya saurara. Hanyar Dammam ba abin da zan ba ku labari, kwalta ce miƙe sai rairayi ja da raƙuma a bayan shingen waya. Abin da ya dame ni rediyo ne. Lokacin ana cikin yaƙi a kan iyakar kudancin ƙasar nan, ana ta maganar makamai masu linzami da ake kakkaɓowa. Na kashe, shirun ya fi damuna, na sake kunnawa.

Da azahar muka tsaya cin shinkafar kabsa a wani gidan mai. Ina wanke hannu a famfo Baba Bashir ya ce, "Ɗan'uwana, kana ɗokin ganin teku, alhali shekara shida kana shan sa."

Na ce, "Baba, yau kuma da wace ka zo?"

Ya ce, "Wallahi. Yawancin ruwan Riyad daga tekun nan ake jawo shi. A cire gishirin a bakin gaɓa, a turo shi ta bututu duk tsawon hanyar nan. Su kuwa mutanen da za mu wurinsu, ba su da kogi ko ɗaya." Na yi dariya, na ɗauka irin zancensa ne na tsofaffin direbobi.

A gindin gadar da ta ratsa teku ta haɗa ƙasar nan da Baharain muka yi kwana biyu a layi. Tireloli ne jere har inda ido ya ƙare, direbobi kowace ƙabila, kowa ya shimfiɗa kwali a inuwar motarsa yana dafa abinci a ƙaramin risho. Ni na kaɗa miyar kuka, wani Bafakistane ya leƙa tukunyar ya ja da baya yana salati. A rana ta uku aka ce mu hau.

Jama'a, ban san ni matsoraci ba ne sai a kan gadar nan. Ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a ƙarƙashina, ga nauyin kankare a bayana. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba! Na riƙe sitiyari har yatsuna suka sandare, na kafa ido a bayan motar Baba Bashir, duk addu'ar da na sani na karanta, da ta tafiya da ta shiga kasuwa. A tsakiyar teku kuma sai ga tsibirin da aka cike da hannu, nan ne kan iyaka. Aka duba fasfo, aka shigar da motar cikin na'urar bincike, aka kawo kare. Karen ya tsaya cak a kan ƙullin kukata. Jami'in kwastan ya buɗe leda ya ga gari kore, ya dube ni. Sai da na lasa a gabansa, Baba Bashir ya yi masa bayanin ganyen bishiya ne, sannan ya mayar mini yana toshe hanci. Ya ga jarka ya tambaya, na ce ta ruwa ce, ya wuce.

Abin da ya fara ba ni mamaki a Baharain mace ce a kan sitiyari. Lokacin a Riyad mata ba su fara tuƙi ba. Ta danna mini hon, ta wuce ni kamar iska, har da ɗaga mini hannu wai na tare hanya. Na ce ikon Allah. Masauki kuwa ɗakin direbobi ne na kamfanin da ya sayi kayan, gadaje shida masu hawa biyu, ko'ina ƙanshin yajin kori da warin safa. Muka ajiye jaka muka fita neman abincin la'asar.

Muka faɗa wani ɗan shago na wani tsoho, Abu Jasim, wanda ya ce a da shi masunci ne. Ya kawo mana shinkafa da kifi guda mai ido kamar na ɗan akuya. Ni da na saba da busasshiyar tarwaɗa, sai da na juya masa kai zuwa bango kafin na iya ci. Daga ƙofar shagon ana hango wasu jiragen ruwa masu launin toka, manya kamar unguwa. Da tsohon ya ji abin da muka ɗauko, sai ya ja kujera ya zauna, Baba Bashir na cike mini inda Larabcina ya gaza.

Ya ce, "Kankare kuma? Bara shingen waya, bana kankare. Ga jiragen yaƙi can, ga na sama kullum suna hana jikokina barcin rana. Ɗana ya yi aure, har yau yana ɗakin da aka haife shi yana jiran gidan gwamnati. Kuɗin jirgi ɗaya da ya gina unguwa."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba za a rage ba?"

Sai ya juyo mini kamar ni na kawo ƙarar. "A rage? Kai ka san inda muke zaune? Manya a gabas, manya a yamma, mu a tsakiya kamar ƙwai a cikin duwatsu. Tumatirin da ke cikin abincinka ta gadar nan ya shigo. A rufe ta mako guda ka zo ka ga kasuwa. Da ina yaro akwai idanun ruwa masu daɗi, har a ƙarƙashin teku muke nitsewa mu ɗebo. Yanzu ina suke?" Ya tashi ya kwashe kwanuka yana ta mita, ban san ko da gwamnati yake ba ko da ni. Tun daga nan na ji garin ya yi mini ƙunci. Na riƙa tunanin in aka rufe gadar ina ciki fa.

Da safe muka kai kayan. Wuri ne mai katanga biyu da dogayen bututun hayaƙi a bakin teku, soja a ƙofa. Ni ban tambayi ko mene ne ba, direba ina ruwansa. Aka sauke nawa da wuri, na fito na faka a waje, Baba Bashir yana ciki ana sauke nasa. Ina zaune sai na hango ruwa ta ƙarshen katanga, shuɗi, kwance, ba kowa. Zuciyata ta ce, Haruna, ga teku ga jarka, me kake jira?

Akwai allo mai jan rubutu. Na gan shi, ban tsaya karantawa ba, wannan laifina ne. Na bi gefen katanga, na sauka kan duwatsu, na tsuguna. Na lura ruwan wurin yana tafiya a hankali zuwa ƙarƙashin ginin, na ce wannan ma ya fi tsabta. Na cika jarka. Sannan na yi abin da kowannenku zai yi in magani zai kai wa uwarsa: na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na sunkuya na tofa a bakin jarkar sau uku.

Ban rufe murfin ba na ji ihu a bayana.

Ban san ta ina suka fito ba. Mutum huɗu, bindigogi a kaina, ana ta "Ƙasa! Ƙasa!" Na kwanta rub da ciki a kan dutse mai zafi kamar kaskon tuya, wani ya taka bayana, aka ɗaure hannuna. Wallahi na yi kalmar shahada. Abin da ya zo mini a rai ba mutuwa ba ce, fuskar manajanmu ce da bai ɗago kai ba.

Aka kai ni wani ɗaki mai sanyin tsiya, ina zufa ina rawar ɗari. Na fi awa biyu kafin wani hafsa ya shigo, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, mai sanyin murya. Ya jera abubuwa a tebur ɗaya bayan ɗaya: fasfona, iƙamata, wayata, jarka, sai ƙullin kuka da suka ciro daga motata. Ya juyo mini da allon kwamfuta. Sai ga ni, baƙin mutum tsugune a bakin ruwa yana waige-waige, yana motsa baki, yana sunkuyawa. Ni kaina da na ga hoton sai da na ji ban yarda da mutumin ba.

Aka shigo da Baba Bashir ya yi tafinta. Hafsan ya ce, "Ka san inda ka tsuguna? Nan ne bakin da ruwan shan garin nan ke shiga. Na asibiti, na makaranta, na gidana." Ya ɗaga ledar kuka. "Wannan kuma?"

Na ce miya ce. Baba Bashir ya roƙi izini ya dumbuza ya watsa a baki, ya shaƙe, ya yi ta tari hawaye na zuba. Ba wanda ya yi dariya. Aka ɗauki kukar da jarkar aka fita da su gwaji. Ni kuma na ba da labarin gwiwar Inna daga farko har ƙarshe.

Hafsan ya daɗe yana kallona. Ya ce, "In yaƙi ya zo garinku, ina za ka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙauye. In ya kai ƙauye, daji, ko mu tsallaka Nijar."

Ya ce, "Mu ba mu da daji. Muna sayen jirage, muna sayen na'urori, kowace shekara sai an ƙara, mutane na zaginmu a kan kuɗin. Duk da haka abin da ke hana ni sukuni ba jirgin abokin gaba ba ne. Mutum ɗaya ne da jarka." Ya jawo wata takarda ya cire murfin biro. "Ko da gwaji ya fito lafiya, ka shiga wurin da aka hana. In na rubuta, sai na kira kafilinka."

Na ce, "Don Allah, don darajar iyayenka."

Ya ajiye biron, ya tura wayata gaban Baba Bashir. Ya ce, "Labarin nan ko dai ƙarya ce mafi wauta da na taɓa ji, ko gaskiya ce. Kira uwar. Kai kuma, in ka yi ko tari, na rubuta. Ni ba na jin yarenku, amma suna suna ne. Ta faɗi sunan da ke cikin fasfon nan da bakinta, sannan ta faɗi abin da ta aike shi."

Nan na san ta ƙare mini.

Wayar ta yi ƙara sau biyar. Sai ga kukan kaji, da sautin turmi daga maƙwabta, sai muryar Inna: "Salamu alaikum. Kai ne?"

Baba Bashir ya ce, "Hajiya, ba shi ba ne, abokin aikinsa ne. Ana tambaya ne, mene ne sunan ɗanki mai wannan waya?"

Can ta ce, "Wancan na Makka?"

"Shi. Sunansa ake so."

"Ai kun san shi, tunda wayarsa na hannunku."

"Hajiya, daga bakinki ake son ji."

"To ku bari ƙanwarsa ta zo da yamma ta gaya muku."

Hafsan ya tambayi me ta ce, aka gaya masa. Ya ɗaga gira ya ce, "Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba?" Baba Bashir ya shiga yi masa bayanin ɗan fari da alkunya, yana haɗa hannu. Hafsan ya girgiza kai. "A nan da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Uwata, duk unguwa da sunana suka san ta. Ka ce mini akwai ƙasar da uwa ke jin kunyar sunan ɗanta?" Ya ɗauki biron. Ina ganin bakin biron ya taɓa takarda, ga Inna a cikin waya tana jin mu, ni kuma an hana ni ko numfashi mai ƙarfi. Hawaye kawai nake.

Baba Bashir ya sunkuya kan wayar, ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Yana hannun soja. In ba ki faɗa ba, yau aikinsa ya ƙare, wataƙila ma a ɗaure shi."

Turmin maƙwabta ya yi ta bugawa. Na ƙirga bugu bakwai.

Sai na ji ta ce, a hankali, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi, "Haruna."

Biron ya tsaya.

Sai kuma da ƙarfi, da muryar da ban san tana da ita ba: "Haruna! Haruna sunansa, ni na haife shi! Ni na ce ya ɗebo mini ruwan teku saboda gwiwata. Bai taɓa ɗaukar abin kowa ba. In laifi ne ni za ku kama, ku sakar mini ɗana!"

Baba Bashir na fassarawa yana share ido da hularsa. Hafsan bai jira ya gama ba. Ya dubi fasfo, ya dube ni, ya mayar da murfin biro. Ya ce a gaya wa Ummu Haruna ɗanta na nan lafiya.

Sai bayan la'asar sakamakon gwaji ya fito. Ya miƙo mini iƙamata da hannunsa, takardar nan kuwa ya ninke ta ba komai a jiki ya jefa a aljihun tebur. Kukar da jarkar ba su dawo ba. Ya ce in har yanzu ina son ruwan, akwai bakin teku inda iyalai ke zuwa wasa, in je can in ɗiba ko tanki ne. Ni? Ko kallon gefen ruwa ban ƙara yi ba. Baba Bashir ne ya tsaya a hanya ya cika gorar ruwan shansa da ruwan teku ya jefo mini ta taga. A kan gada na dawo ina karatu kamar yadda na tafi, sai da na ga rairayi ta ko'ina sannan na saki sitiyari na ji yatsuna.

Manaja bai san komai ba har yau, kuma duk wanda ya kai masa cikinku, ni da shi ne. Abin da ya rage mini shi ne famfo. In na buɗe shi a ɗakinmu sai na tuna dogon bututun nan da bakin ruwan da na tsuguna. Ashe Baba Bashir ba zancen tsofaffi yake ba.

Ranar da na iso Riyad na kira gida. Inna ta ɗauka, ta ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Na samo ruwan. Akwai mai tafiya gida mako mai zuwa, zan ba shi."

Ta ce, "A bar shi. Gwiwar ta yi sauƙi."

Ƙanwata ta gaya mini har yanzu a zaune take salla. Na ce, "Inna, ai an riga an ɗebo."

Ta ce, kamar da wani take a tsakar gida, "A dai gaya wa wancan kada ya ƙara zuwa bakin ruwa."

Gorar na nan a kan kabad ɗina, gishiri ya fara kwantawa a ƙasanta. Mai son ganin tsarabar Baharain ya zo ya gani.